Hannun Waliyyu

Imrana ɗan Mungadi ne, ta ƙasar Maiyama, kuma da kokawa ya fara. Kawunsa Ɗantani, wanda a zamaninsa ya kayar da maza daga Mungadi har Jega, shi ya koya masa yadda ake shiga ƙarƙashin mutum a raba shi da ƙasa. Duk kaka, in an gama yankan gero, Imrana ne a tsakiyar fili. Kafin ya cika ashirin babu wanda ke son a haɗa shi da shi a ƙauyukan nan.

Dako ne ya kai shi Legas. Ya bi tirelar albasa daga Aliero, ya tsaya can yana sauke buhuna a kasuwa. A nan ya haɗu da Waliyyu, mutumin Sabiyal, wanda ya girme shi da shekara huɗu, ya kuma riga shi zuwa da shekara uku. Waliyyu ne ya ga yadda yake ɗaga buhu kamar filo, ya ja shi zuwa wani gidan horo a bayan kasuwa inda ake koyon faɗan keji. Faɗa ne da ake haɗa komai a ciki: naushi, shuri, kokawa, shaƙa, murɗe gaɓa. Ana rufe mutum biyu a kejin waya tare da alƙali, a yi turmi uku ko biyar. Doka ɗaya ce aka fara karanta wa Imrana tun ranar farko. In ka kama mutum ya ji ba zai iya ba, zai bubbuge ka da hannu. Da zarar ka ji bugun, ka saki.

Waliyyu ya fi shi naushi, Imrana bai kuma taɓa kamo shi a nan ba. Amma a ƙasa Imrana wani abu ne daban. In ya kai mutum ƙasa sai ya nannaɗe shi a hankali, ba gaggawa, yana sauraren numfashinsa, har ya sami hannu ko wuya. Abin da ya fi shahara da shi shi ne kama hannun abokin karawa, ya matse shi tsakanin cinyoyinsa, ya kwanta da baya yana banƙare gwiwar hannun. Mutum goma sha ɗaya suka yi saranda a wannan kamun. 'Yan kallo suka sa masa suna Mesa, masu shirya wasa suka ƙara da Mungadi, ya zama Mesar Mungadi a jikin fasta. A shekararsa ta shida a Legas ya ɗauki kambun ajinsa.

Nauyinsu ɗaya da Waliyyu. Kowa ya san wata rana za a haɗa su, su ma sun sani, suna ma yin barkwanci a kai wajen cin abinci. Da lokacin ya zo, Waliyyu ya koma wani gidan horo. Masu shirya wasa suka yi ta zuga. Aka sa wa Waliyyu abin magana a baki, ya ce yana dariya, “Ni na koya mishi ɗaure safar hannu. Duk abin da ya iya, na san inda ya samo shi.” Aka yanko wannan guntun aka yi ta yaɗawa a waya har Mungadi. Imrana ya kalle shi ya fi sau ashirin.

Turmi biyu na farko Waliyyu ya yi wasa da shi. Ya fasa masa gira, ya kumbura masa leɓe, duk lokacin da Imrana ya kai cafka sai ya kama iska. Jama'a suka fara kiran sunan Waliyyu. A turmi na uku ƙafar Waliyyu ta zame a kan jini, Imrana ya faɗa masa, suka mirgina har jikin keji. Ya sami hannun dama. Ya matse, ya kwanta da baya.

Ya ji bugun. Tafin hannun hagu ne a bayan cinyarsa, ta ɓangaren da ke manne da waya, inda alƙali ba ya gani. Ɗaya, biyu, uku. Ya ji su sarai kamar yadda mutum ke jin an ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsa. Jini na shiga masa ido, kunnensa cike da sunan Waliyyu. Ya ƙara ɗaga ƙugu. Ƙarar da gwiwar ta yi har 'yan layin gaba sun ji.

Da aka tambaye shi bayan wasa, ya ce bai ji komai ba. Aka duba bidiyo, babu kyamarar da ta ɗauki wancan ɓangaren. Aka ce nasara ce mai tsabta, Waliyyu ne ya yi taurin kai. Imrana ya yi kwanaki yana jiran Waliyyu ya yi magana. Bai yi ba. Aka yi masa aiki a Legas, sai labari ya zo cewa mutanensa sun ɗauke shi sun tafi gida.

Wata biyu bayan haka Imrana ya zo ganin gida. Matasa suka tarye shi a Jega ranar kasuwa, da mashina sun fi hamsin, suna ta hon. Aka ɗora shi bayan a-kori-kura da kambun a kafaɗa, aka zaga da shi ta kara inda ake sayar da dabbobi, ta 'yan hatsi, har tasha. Wani mai waƙa ya bi motar yana yi masa kirari, yana cewa mai karya ƙashi kamar rake. Mahauta suka ɗaga wuƙaƙe suna jinjina. Duk inda ya duba, wani na riƙe da waya yana nuna wa wani daidai wurin da hannun ya karye, suna maimaitawa, suna ihu. Imrana ya yi ta ɗaga hannu yana murmushi har muƙamuƙinsa ya gaji.

A Mungadi, bayan la'asar, Kawu Ɗantani ya sa aka shimfiɗa musu tabarma su biyu a gindin darbejiya. Tsohon ya riga ya ga bidiyon. Ya ce an nuna masa sau uku, na huɗu ya ce ya isa.

“Wanga yaro na Sabiyal,” in ji shi, “ba shi ne ka ce ya kai ka wurin horon ba?”

“Shi ne, Kawu.”

“To mi ya hana shi bugawa? Na ga mutumin da ya iya faɗa. Wanda ya iya faɗa ya san sa'ad da anka gama da shi.”

Imrana ya kalli tabarma. “Zuciya ce, Kawu. Ba ya son a ce ya yi saranda.”

“Bai buga ba ke nan.”

“Bai buga ba.”

Ɗantani ya daɗe yana kallonsa, sannan ya gyaɗa kai. “To Allah shi ba shi lafiya. Kai ba ka da laifi.” Ya dafa kafaɗarsa, ya shiga ba shi labarin wata kokawa da ya yi a Jega shekara arba'in da suka wuce. Imrana bai ji ko kalma ɗaya ba. Da aka kawo tuwo ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi.

Ya yi niyyar kwana biyar ya koma. A rana ta huɗu mahaifiyarsa, Inna Yalwa, ta zame a bakin rijiya ta dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya kumbura nan take. Imrana ya ce a tafi asibiti. Ta ce ita Aliero za a kai ta wurin masu ɗori, can aka ɗora ubanta, can aka ɗora ƙanenta. Ya san Sabiyal na kusa da Aliero. Ya kawo dalilai, ta ƙi saurara. Ya ɗauki shatar mota suka kama hanya da safe.

Gidan mai ɗorin babban gida ne mai rumfa a ƙofa, mutane zaune jere a kan tabarmi, wani da ƙafa a ɗaure da karare, wani da kafaɗa. Aka shiga da Inna wajen mata. Imrana ya ja hula ya rufe goshi ya nemi gefe. Bai kai ga zama ba wani ya ce, “Kai! Mesa ne!” Rumfar ta motsa. Masu iya tashi suka tashi, waɗanda ba su iyawa suka miƙo hannu daga zaune.

A ƙarshen layi, jingine da bango, Waliyyu na zaune. Ya rame. Hannun daman na rataye a wuya da tsohon rawani, a lanƙwashe, ya fi na hagu sirantaka. Ana kawo shi duk mako a gasa masa, a ja, ko gwiwar za ta miƙe. Kusa da shi wani dattijo ne mai farin gemu da carbi a hannu.

Waliyyu ne ya fara magana.

“Imrana. Yaushe gari?”

“Kwana huɗu.” “Ya jiki?”

“Da sauƙi. Baba, ga Imrana.”

Dattijon ya miƙe da ƙyar. Imrana ya durƙusa, yana jiran duk abin da zai zo. Sai ya ji an kama hannunsa da hannu biyu.

“Kai ne? Sannu, ɗana, sannu. Tashi. Kada ka sa komi ga ranka. Waliyyu ya gaya muna, wasa ne, kuma kowa da rabonai.” Ya juya ga mutanen rumfa, murya ta ɗaga. “Kun gane su nan, su biyu. Wanga ya iya kamu, wancan kuma bai iya saranda ba. Ɗana har hannu ya karye bai buga ba. Duk Sabiyal an san haka. Ni Malam Balarabe ban haifi mai bugawa ba.”

Mutane suka yi ta cewa haka ne, maza ke nan. Imrana ya saci kallon Waliyyu. Waliyyu na kallon yatsun ƙafarsa.

Malam Balarabe ya rantse ba za su wuce ba sai sun ci abinci a gidansa. Da aka gama ɗora Inna, aka ce ta huta kafin a sa ta a mota, Imrana ya rasa hanyar zillewa. Ya bi su Sabiyal a bayan mashin. Aka yanka kaza. Maƙwabta suka cika zaure suna leƙensa. Matar Waliyyu, Rahma, ta aiko da fura mai sanyi, ta gaishe shi daga bayan ƙyaure, ta ce Waliyyu ya sha ba ta labarin zamansu a Legas. Kowace loma sai da Imrana ya tura ta da ruwa.

Bayan azahar Waliyyu ya ce zai nuna masa gona. Suka gangara fadama su biyu. Lokacin dashen albasa ne, ko'ina mutane sun duƙa a cikin fangali, injinan ban ruwa na ta ƙara. Gonar Waliyyu rabi aka dasa. Ya ce ƙannensa ke zuwa in sun gama tasu. Suka tsaya a bakin rijiyar gonar, inda ƙarar inji ba za ta bari a ji su ba.

Imrana ya buɗe baki ya rufe. Waliyyu ya taimake shi.

“Sau nawa ka ji?”

“Uku.”

“Uku na yi.” Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka tabbatar masa da lissafin da ya daɗe yana shakka. “Na yi ta tunani ko ban buga da ƙarfi ba. Kwance a asibiti ina ta cewa, wataƙila waya na buga ba cinya ba.”

“Cinya ka buga.”

“To.”

Imrana ya durƙusa a kan kunyar fangali, gwiwoyinsa suka nutse a laka. Ya ce ba shi da abin faɗa. Ya ce maganar safar hannu ce ta tsaya masa, da jinin, da yadda ake kiran sunan Waliyyu, amma duk wannan ba dalili ba ne. Ya ce gobe zai yi bidiyo ya faɗi gaskiya, ya mayar musu da kambunsu, su kore shi in sun ga dama.

“Tashi, mutane na kallo,” in ji Waliyyu. Da Imrana ya tashi, ya ce, “Ba za ka yi ba.”

“Waliyyu...”

“Ka ji abin da Baba ya ce. Ka ga yadda yake faɗa. Tun da na dawo, abin da yake faɗa ke nan a masallaci, a kasuwa, wurin suna. Ni ban ce mishi ban buga ba. Na farka na iske an riga an faɗa, kai ka faɗa, duniya ta ɗauka. Na zo gida na iske tsoho na kuka yana alfahari. Mi zan ce mishi?” Ya ɗaga kafaɗar hannun da ke rataye. “Wanga ya tafi. Likita ya gaya min, mai ɗori ma ya sani, yana dai ja ne don Baba. Ba ni ƙara shiga keji. Abin da ya rage min a garin ga shi ne ana cewa ban buga ba. Shi ma za ka karɓe?”

Waliyyu ya ci gaba.

“Ka san abin da ya fi ci min rai? In sun taru suna yabona, sai in ji kamar na saci rigar wani na sa. Na buga, Imrana. Na ji tsoro, na buga har sau uku kamar kowa. Kullum sai na zauna ana kirana abin da ba ni ba.” Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. “Kai kana son ka sauke naka ka huta. To ni ban yarda ba. Ka riƙe, yadda nike riƙe.”

“Ka yafe min?”

Waliyyu ya kalli ruwan da ke bin kwalbati. “Ban sani ba tukuna. In na sani, ina gaya maka.”

Suka hau zuwa gari. A ƙofar gida Malam Balarabe ya sa aka ɗaura wa Imrana rabin buhun albasa a bayan mashin ɗin da zai mayar da shi Aliero, ya ce a kai wa Inna, ya yi masa addu'a doguwa, ya roƙi Allah ya ƙara ɗaukaka shi. Imrana ya shafa.

Da suka isa Mungadi ya sauke Inna, ya wuce gidan Kawu Ɗantani kai tsaye. Ya same shi yana gyaran igiyar akuya. Imrana bai zauna ba.

“Kawu, na yi maka ƙarya. Ya buga.”

Tsohon bai ɗago ba. Ya gama ƙullin da yake yi, ya ja ya ga ya kamu.

“Na sani,” ya ce. “Na ga fuskarka cikin wayar. Wanda ya karya mutum bisa kuskure yakan zabura ya saki. Kai ba ka zabura ba.”

“Mi ya sa ka ce ba ni da laifi?”

“Na tambaye ka, ka ba ni amsa. In ce ɗan ƙanwata maƙaryaci ne?” Sai a lokacin ya ɗago, idanunsa sun yi ja. “Shekara talatin ina kokawa. Wanda duk na kayar, ni ke miƙa mishi hannu shi tashi. Ban san inda na yi kuskure da kai ba.”

Imrana ya gaya masa abin da Waliyyu ya ce. Ɗantani ya saurara har ƙarshe, ya ce Waliyyu ke da hakki, abin da ya zaɓa shi za a bi. Daga nan ya ce yana da wurin zuwa, ya ɗauki sandarsa ya fita. Ya bar Imrana tsaye a tsakar gida da akuya.

Ya koma Legas. Ya kare kambun sau ɗaya, da maki, a wasan da 'yan kallo suka yi ta yi masa ihu don ya kai mutum ƙasa sau huɗu bai gama da shi ba. Mai horar da shi ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Ya ce hannu na zuwa masa har gida yana ƙin karɓa. A wasa na gaba wani yaro ɗan Binuwai ya buge shi a turmi na biyu, kambu ya tafi. A Jega aka ce an yi masa asiri. Wasu suka ce daɗi ya yi masa yawa. Fastocinsa da ke jikin shagunan masu cajin waya suka koɗe, aka liƙa wasu a kai.

Shekara biyu bayan haka ya dawo gida gaba ɗaya. Ya kama wani tsohon sito a Jega, ya shimfiɗa katifu, yana koya wa matasa. Suna zuwa da yawa, don har yanzu sunan Mesa na da sauran nauyi. Sabbin zuwa kan roƙe shi ya nuna musu kamun da ya karya hannun mutumin Sabiyal. Yakan ce ba yau ba. Kawu Ɗantani bai taɓa taka sito ɗin ba, ko da yake suna gaisawa, yana kuma amsa gaisuwar da kyau.

Waliyyu ya koma sayar da irin albasa da maganin feshi, yana da 'yar rumfa a kasuwar Aliero. Hannun bai miƙe ba. Ya koyi rubutu da hagu. Duk shekara lokacin dashe Imrana kan hau mashin ya je Sabiyal ya yi kwana uku a duƙe cikin fangali. Mutanen gari na cewa ba su taɓa ganin zumunci irin wannan ba, Malam Balarabe kuma kan zauna a bakin gona yana ba masu wucewa labarin wasan tun daga turmin farko.

A shekara ta uku Malam Balarabe ya rasu. Imrana ya je gaisuwa, ya zauna cikin jama'a a ƙofar gida har aka yi addu'ar uku. Da zai tafi, Waliyyu ya rako shi har inda ya ajiye mashin. Imrana ya tsaya da makulli a hannu, yana jira ko yanzu za a ce masa ya je ya faɗa, ko a ce an yafe.

Waliyyu ya ce, “Rahma ta haihu wancan mako, ba a yi taron suna ba saboda jikin Baba. Namiji ne.”

“Allah shi raya.”

“Amin. Ka gaida Inna. Ka bi a hankali, hanyar ta lalace wajen gada.”

Imrana ya tada mashin ya kama hanyar Jega.